Babi na 7: Kwafa tukuna, sannan ka goge

Darasi na 1

Toh 'yan'uwa, yau zamu taɓa wurin da kusan kowa ke tuntuɓe a libpq, laburaren C da ake magana da PostgreSQL, manhajar rumbun adana bayanai, da shi. Kar kowa ya tsorata, a hankali zamu bi.

Ka kira PQexec, mai aika tambayarka zuwa PostgreSQL, ya baka sakamako. Ka kira PQgetvalue don ɗauko suna daga layin farko. Tsaya nan. Abin da ya miƙo maka ba sunan bane, adireshin inda sunan yake zaune ne a cikin sakamakon. Da zarar ka kira PQclear, mai goge sakamakon, an saki memorin nan, adireshi na hannunka amma ɗakin an riga an ba wani.

Don haka ka kwafa sunan da strdup, mai kwafe rubutu zuwa sabon memori, sannan PQclear. Kwafa, sannan goge. Ka rubuta a littafinka: strdup a sama, PQclear a ƙasa. Duba kod ɗinka yanzu, sa yatsa akan layin PQclear, ka gangara ƙasa, akwai inda ka sake taɓa abin da PQgetvalue ya baka? In akwai, koma sama ka kwafa. Ba komai in sai ka maimaita, haka ake koyo. Kwafin kuma naka ne, kai zaka yi masa free, wato ka saki memorinsa, in ka gama.

Wasu zasu ce ai malam nawa yana aiki. Yana aiki ne don ba a rubuta komai a wurin ba tukuna, gobe sai ka ga shara a allo ko firogiram ya faɗi. Dan Allah ku daina kawo mun wannan hujjar, na gaji da ita, kwafa kafin ka goge kawai.

Darasi na 2

Haɗa kod ɗin da gcc ko clang, ka ƙara -g da -fsanitize=address don su kama maka kuskuren memori, ka kunna. In ka ga heap-use-after-free, wato ka taɓa memorin da aka riga aka saki, kar ka rufe allon da sauri, karanta. Wuri uku zai nuna maka: inda ka taɓa memorin, inda aka sake shi, da inda aka samo shi tun farko. Na biyun zaka fi dubawa, yawanci PQclear ɗinka ne.

Darasi na 3

PQerrorMessage, mai baka saƙon kuskure, ma haka yake, kwafa saƙon kafin PQfinish, mai rufe haɗinka da PostgreSQL.

Darasi na 4

Bayan PQclear sa sakamakon ya zama NULL. Valgrind, manhajar binciken memori, ma yana kama taɓa memorin da aka saki, ku gwada da kanku.