Yadda za ka reni kiristal a gida da alimun, irin renon da kogon Naica ya yi wa nasa

A watan Afrilun shekarar 2000, masu haƙar ma'adinai a Naica, wani ƙaramin gari da ke jihar Chihuahua a arewacin Meziko, suna cikin fasa sabuwar hanya kimanin mita 300 a ƙarƙashin ƙasa sai suka ɓulla cikin wani kogo. Dalma da azurfa da zinki suke nema, amma abin da suka tarar daban ne: manya-manyan ginshiƙai farare masu ɗaukar ido, sun gicciye juna ta ko'ina, wasu daga ƙasa har rufi. Mafi tsawo a cikinsu ya haura mita 11, kaurinsa kusan mita guda. Ba wanda ya sassaƙa su. Kiristal ne, wato ma'adini da ya girma da kansa cikin siffa mai tsararrun fuskoki, na jibsam, ma'adinin nan da ake yin silin POP da shi, ake kuma zuba shi a siminti don kada ya yi saurin kamawa. A nan gida ma ana haƙo shi a yankin Fika ta jihar Yobe da Nafada ta jihar Gombe, sai dai ba a irin wannan girma ba.

Mutum zai ɗauka yawan sinadari ne ya sa suka girma haka. Ba shi ba ne. Abu biyu ne: iri kaɗan, wato 'yan ƙwayoyin farko da kiristal ke girma a kansu, da kuma rashin gaggawa. Wannan kuwa abu ne da za ka iya gwadawa a ɗakinka da kwalba biyu, cikin sati biyu zuwa uku.

Da alimun za a yi gwajin, domin jibsam ba ya narkewa a ruwa sai kaɗan, kimanin giram 2 a lita guda, kafin ka ga abin kirki ka gaji da jira. Shi kuwa alimun yana narkewa sosai a ruwan ɗumi, ya kuma fito da sauri in ruwan ya huce. Dokar da ke aiki a kansu duka ɗaya ce.

Kayan aiki

Ka sayi alimun na dunƙule, mai haske garau wanda ido ke ratsa shi, irin wanda wanzamai ke goga wa mutum bayan aski. Akwai wani fari mai gari-gari da ake zuba wa ruwan famfo don ya kwanta. Sinadarinsa daban ne, kuma ba ya ba da siffa mai kyau. Nan ne da yawa ke yin asarar lokacinsu. Sai kwalaben gilashi biyu masu faɗin baki, wankakku tas, da ruwa mai tsabta, da zaren fatsa siriri, da fensir, da tsumma mai laushi na tacewa, da kular abinci wadda kwalbar za ta shiga.

Mataki na farko: ƙosar da ruwa

Daka alimun ya zama gari. Ɗumama ruwa kofi ɗaya, ya yi zafi amma ba sai ya tafasa ba, ka zuba garin babban cokali uku zuwa huɗu kana motsawa har ya narke. Tace shi cikin kwalba, ka rufe da takarda, ka ajiye ya kwana. Da safe za ka ga ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli sun kwanta a gindin kwalbar. Ruwan zafi ya ɗauki fiye da abin da zai iya riƙewa in ya huce, shi ne ya amayar da rarar. Ruwan da ya rage a sama yanzu ya ƙoshi daidai, ba ya karɓa, ba ya bayarwa. Shi kake so. In ba ka ga komai a gindin ba, alimun ɗin bai isa ba, sai ka sake ɗumamawa ka ƙara.

A Naica, ƙasa ce ta yi wannan aikin, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Kimanin shekara miliyan 26 da suka wuce, narkakken dutse ya taso ƙarƙashin tsaunin Naica, ya tura ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai cikin tsagogin dutsen. Cikin abin da ruwan ya ajiye har da anhaidirait mai ɗimbin yawa. Anhaidirait da jibsam 'yan gida ɗaya ne, dukansu kalsiyam ne da salfet. Bambancinsu kawai shi ne jibsam yana ɗauke da ruwa a cikin gininsa, anhaidirait kuwa babu. Iyakar da ke tsakaninsu zafi ne, wajen digiri 58 a ma'aunin Salshiyas. Sama da haka, anhaidirait ne ke zaune lafiya. Ƙasa da haka, sai ya fara narkewa, jibsam ya karɓi fagen.

To, da tsaunin ya yi ta hucewa har ruwan da ya cika kogon ya sauko ƙasa da wannan iyaka da ɗan kaɗan, sai anhaidirait ya riƙa narkewa a hankali yana ciyar da ruwan, jibsam kuma yana tsotsewa a hankali. Abin da wannan ya saki shi wancan ke ɗauka. Ruwan bai taɓa yin yunwa ba, bai kuma taɓa cika har ya yi ambaliyar iri ba. Juan Manuel García-Ruiz, masanin kiristal daga Granada ta ƙasar Sifaniya, shi da abokan aikinsa ne suka bayyana wannan a 2007, bayan sun auna ɗigon tsohon ruwan da ya maƙale a cikin ginshiƙan suka ga cewa a wajen digiri 54 suka girma.

Mataki na biyu: zaɓen iri

Juye ruwan saman cikin kwalba ta biyu, ta cikin tsumma, kada ko ƙwaya ɗaya ta bi shi. Zube ƙwayoyin gindin a kan faranti ka duba su a haske. Yawancinsu sun manne da juna, ba su da amfani. Nemi guda ɗaya tilo, mai haske, mai kaifin gefe, girmanta kamar ƙwayar dawa ko ta fi kaɗan. Duk aibin da ke jikin iri zai girma tare da shi, saboda haka kada ka yi garaje a nan. Ajiye biyu ko uku na ko-ta-kwana.

Mataki na uku: ratayawa

Ɗaure irin da zaren fatsa. Aikin akwai cin rai, zaren na zamewa. In ka ɗan karce gefe biyu na irin da reza zai zauna. Kada ka yi amfani da zaren auduga, gashin jikinsa kowanne wurin tsirar sabon iri ne, kafin kwana biyu zaren ya cika da ƙuraje. Ɗaure ɗaya bakin a fensir, ka gicciya fensirin a bakin kwalbar, irin ya tsaya a tsakiyar ruwa, bai taɓa gindi ba, bai taɓa gefe ba. Ka tabbata ruwan ya huce sarai. In da sauran ɗumi, zai cinye irin ka dawo ka tarar da zare kawai.

Mataki na huɗu: hana zafi hawa da sauka

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Rufe bakin kwalbar da takarda, ka huda ƙananan ramuka biyu ko uku, ka sa ta cikin kula ka ɗan sassauta murfin, ka ajiye a ƙuryar ɗaki inda rana ba ta kaiwa kuma ba a yawan girgiza wurin. Ruwan zai riƙa ƙafewa kaɗan-kaɗan, alimun ɗin da ya rasa wurin zama sai ya hau jikin irin.

Ga mai yin gwajin da hunturu, sai an ƙara kula. Iska a bushe take, ruwan na saurin ƙafewa, ga ƙura, ga sanyin asuba da zafin rana. Da dare kiristal ɗin ya girma da gudu, da rana ya narke, sai ka samu abu mai hazo-hazo, gefensa a dakushe. A ganina damina ta fi dacewa, domin damshi na rage ƙafewa, girman ya yi jinkiri amma ya fito garau. In dole da hunturu za ka yi, rage ramukan takardar.

Kogon Naica ya samu wannan a ɓagas. Narkakken dutsen da ke 'yan kilomitoci a ƙasansa yana ɗumama shi ba dare ba rana, ga dutse mai kaurin ɗaruruwan mitoci ya lulluɓe shi ta sama. Zafin ya tsaya kusan wuri ɗaya na dubban ɗaruruwan shekaru. A 2011 masu bincike suka ɗebo ruwan ramin ma'adinan suka auna gudun girman jibsam a cikinsa, suka samu cewa a wajen digiri 55 kaurin da yake ƙarawa bai wuce na fallen takarda ɗaya ba a shekara kusan 200. Da irin wannan tafiya, manyan ginshiƙan na buƙatar abin da ya kusa shekara miliyan guda.

Hujjar da ta fi gamsar da ni tana cikin tsaunin nan ɗaya. Tun 1910 aka gano wani kogo a zurfin mita 120, ana ce masa Kogon Takubba. Ruwa iri ɗaya, sinadari iri ɗaya, amma da yake ya fi kusa da sama ya fi saurin hucewa. Bangonsa cike yake maƙil da kiristal, ba su ƙirguwa, sai dai yawancinsu ba su wuce mita ɗaya ko biyu ba.

Mataki na biyar: korar kishiyoyi

Duk bayan kwana biyu ko uku ka leƙa. Za ka ga wasu ƙwayoyi sun tsiro a gindin kwalbar ko a kan zaren. Abincin naka suke ci. Kamar yadda manomi ke rage shukar gero a rami don wadda ta rage ta yi zangarniya mai kyau, haka za ka yi: ɗaga naka, tace ruwan cikin ɗaya kwalbar, cire na jikin zaren da farce, ka mayar da shi. Kada ka bar shi ya bushe a iska, kada kuma ka yawaita taɓa fuskarsa da yatsa. In ruwa ya ja baya, haɗa wani kamar na matakin farko, bar shi ya kwana ya ƙoshi, sannan ka ƙara.

Cikin sati guda siffarsa za ta bayyana: dala biyu da aka haɗa gindinsu, fuska takwas, kowace mai kusurwa uku. Ba kai ka zaɓa masa ba, yadda ƙwayoyin zarrarsa ke jeruwa ne. Shi jibsam nasa jerin doguwar sanda yake bayarwa, shi ya sa na Naica suka zama ginshiƙai.

In kana son ganin abin da gaggawa ke haifarwa, kwaɓa garin POP cokali biyu a murfin gwangwani. Garin nan jibsam ne da aka gasa har yawancin ruwan jikinsa ya fita. Da ya sake haɗuwa da ruwa, sai ƙananan allurai na jibsam marasa adadi su tsiro a lokaci guda su sarƙe da juna, cikin 'yan mintuna ya daskare. Taɓa murfin za ka ji ɗumi. Wannan ɗumin ba abin wasa ba ne in kwaɓin na da yawa, don haka kada a bar yaro ya tsoma hannu a ciki ya jira ya kama, ana ƙonewa.

Mataki na ƙarshe: cirewa da adanawa

Bayan sati biyu zuwa uku, ko lokacin da girmansa ya gamshe ka, ciro shi, ka goge da tsumma mai laushi, ka yanke zaren. Kada ka wanke shi da ruwa. Alimun ma akwai ruwa a gininsa, in ya daɗe a busasshiyar iska sai fuskarsa ta yi fari ta fara gari. Shafa masa jan farce marar launi, ko ka rufe shi a ƙaramar kwalba. Ruwan da ya rage ba na sha ba ne, a zubar ko a ajiye don wani gwajin, nesa da yara.

Na Naica su ma fitarsu daga ruwa ba ta yi musu daɗi ba. Mutane sun iya shiga kogon ne kawai saboda kamfanin Peñoles, mai ramin ma'adinan, yana zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da manyan injuna. Da ruwa ya janye, girma ya tsaya, nauyin da ruwa ke tallafa musu ya koma kansu, ga shi jibsam taushi gare shi har farce na karce shi. Shigar ma ba sauƙi: zafi ya haura digiri 45, damshi ya wuce kashi 90 cikin ɗari, gumi ba ya bushewa balle jiki ya huce. Wanda ya shiga haka nan bai fi minti goma yake jurewa ba. Masu bincike sai da riguna masu ƙanƙara a ciki da na'urar shaƙar iska mai sanyi. A 2015 ruwa ya ci ƙarfin ramin ma'adinan aka dakatar da haƙa, kuma kogon ba wurin yawon buɗe ido ba ne.

Mai son ganin irin wannan da idonsa, sai ya nufi Pulpí a lardin Almería na kudancin Sifaniya. A can ma cikin tsohon ramin ma'adinai aka gano wani ƙaramin kogo a 1999, mai kiristal ɗin jibsam da suka kai mita biyu, sun ma fi na Naica haske. An buɗe shi ga jama'a a 2019, ana shiga rukuni-rukuni da ɗan rakiya, sai dai leƙawa ake yi ta bakin kogon, ba a barin kowa ya taka ciki.