Kafin ka tahi zama waje, duba tsutsar ciki

'Yan uwa masu tahiya karatu ko aiki Ingila, Amurka ko Saudiyya, ga wata magana da ba a cika yi ba. Mu da munka tashi Sakkwato muna wanka Gulbin Rima, muna shiga fadamar Kwalkwalawa ba takalmi, da yawanmu na ɗauke da tsutsar ciki ba mu sani ba, kuma ita ba ruwanta da biza, tare za ku sauka jirgi.

Wayonta shi ne tana kwantar da garkuwar jiki don kar a kore ta, shi ya sa mutum ke yawo da ita lafiya lau, in ta yi yawa ɗan ƙaiƙayi ko murɗar ciki. Wadda ta fi ban tsoro ita ce Strongyloides, ta fatar ƙafa take shiga daga ƙasa mai danshi kuma tana hayayyafa cikin jiki da kanta, sai ta yi shekara 20 ko fi tana nan ko ka daɗe da barin gida. Ranar da anka ba ka maganin da ke danne garkuwa irin dexamethasone ko prednisolone, don asma ko ciwon gaɓɓai ko dashen ƙoda, sai ta ɓarke ta bazu har huhu da jini. Wanga yana kisa, ba wasa ba.

To abin yi. Da farko ka gaya ma likita inda ka tashi tun bai tambaya ba, don likitan can ba lallai tsutsa ta faɗo mai a rai ba, ka ce ka yi noman fadama, ka yi wanka gulbi, in ka taɓa fitsarin jini kana yaro ka faɗa, tsargiya kenan, ba abin kunya ba ne. Sannan ka nemi gwajin jini a duba eosinofil, wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ke hauhawa in akwai tsutsa. Gwajin bahaya sau ɗaya kar ya ruɗe ka, yana iya nuna babu alhali akwai, a haɗa da gwajin jini na ita tsutsar kanta, da na fitsari don tsargiya.

Magani kuma kowace da nata. Albendazole ɗin da ake saye kemis bai gamawa da Strongyloides sosai, ivermectin ake ba ta, tsargiya kuwa praziquantel, duka gwargwadon nauyinka. Mai ciki kar ta sha da kanta. Wanda ya taɓa zama dazukan kudancin Najeriya ko Kamaru shi ma ya faɗa kafin ivermectin, saboda tsutsar ido da ake ce ma Loa loa, in tana da yawa a jini maganin na iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Takardar gwajin ka ɗauke ta hoto a waya, ka nuna duk ranar da za a rubuta maka maganin danne garkuwa.