Yadda za ka zaɓi kilas ka hau job a gem ɗin onlayin ba tare da ka ɓata karakta ba

Shekaranjiya da daddare ƙanena da ke Samaru ya turo min hoton karakta ɗinsa na Ragnarok Online, wai yaya dan Allah duba min, kowa bugu biyu yake kashe dodo ni sai na yi goma. Ina buɗewa na ga Mage ne amma duk makinsa ya zuba a STR, makin ƙarfin jiki, wato mai sihiri ne da ƙwanjin ɗan dambe, wlh sai da na ajiye wayar na yi dariya tukuna. To ga yadda ake bin abin. Da lissafin tsohon Ragnarok na kwamfuta zan yi, wanda kamfanin Gravity na Koriya ta Kudu ya fitar a 2002, na waya lambobinsu sun ɗan bambanta amma hanyar ɗaya ce.

Na farko, tun kafin ka danna komai ka san wane aiki za ka riƙa yi a cikin fati, wato ƙungiyar 'yan wasan da kuke fita faɗa tare. Uku ne kusan a kowane gem: tanki mai tsayawa gaba ya sha duka, hila mai warkar da mutane, sai masu ɓarna da ake ce wa DPS. A World of Warcraft mutum 5 ke shiga kogo, tanki 1 hila 1 masu ɓarna 3, a Final Fantasy XIV kuma mutum 4 ne. Shawarata a nan ba ta littafi ba ce, ta Zariya ce: ka duba netwok ɗinka da wutar unguwarku. In kai ne hila aka ɗauke wuta ko data ta tsaya ana tsakiyar faɗa da babban dodo to duk fatin ne za su mutu, kuma da ka dawo za ka tarar da zagi da yaren da ba ka ma ji. Mai ɓarna in ya faɗi sauran suna iya lallaɓawa. In ka san layinka mai rawa ne fara da mai baka ko mai takobi, ka bar warkarwa sai ka yi pawa bank.

Na biyu, ka gane lebul biyu gare ka ba ɗaya ba, nan ne yawancin sababbi ke ruɗewa. Base lebul shi ke ba ka makin da kake zubawa a STR, AGI (zafin nama), VIT (juriya), INT (basira), DEX (saiti) da LUK (sa'a). Job lebul kuma, wato lebul ɗin sana'arka, shi ke ba ka makin sikil, maki ɗaya duk hawa ɗaya. Kowa da Novice yake farawa, ɗan koyo kenan, kamar yaron shago da aka kai wajen masu surfani a cikin birni wanda aikinsa tukuna zura zare a allura. Ka fita bayan garin Prontera ka yi ta dukan Poring, waɗannan 'yan dunƙulallun masu ruwan hoda da ke tsalle-tsalle, har job ɗinka ya kai 10, sannan ka zuba maki 9 ɗin duka a Basic Skill. In ba ka cika shi ba babu mai sauraronka.

Na uku, ka je garin sana'arka. Swordman a Izlude, Mage a Geffen, Archer a Payon, Merchant a Alberta, Thief a Morroc, Acolyte, mai warkarwa, a nan Prontera. Kowanne da 'yar jarrabawarsa, ba wuya. Daga nan makinka ya bi sana'arka, Archer DEX, Mage INT da DEX, kar ka ce za ka raba wa kowane ɗan kaɗan don adalci, ba rabon gado ba ne. Af, in kana da jinin kasuwa gwada Merchant, yana jan kura ya buɗe shago a tsakiyar Prontera, wajen cunkoso sai ka rantse kasuwar Sabon Gari ce ranar jajiberin sallah, kuma sikil ɗinsa na Discount in ya kai 10 yana rage maka kashi 24 cikin ɗari a shagunan gem.

Na huɗu, kuma gaskiya saboda wannan na zauna rubutun nan. Da job ɗinka ya kai 40 gem zai ba ka damar hawa aji na biyu, Swordman ya zama Knight ko Crusader, Acolyte ya zama Priest ko Monk, Archer ya zama Hunter, haka dai. Kar ka tafi. Ka daure har 50. A 40 maki 39 kawai ka tara, a 50 kuma 49, kuma goman nan da ka bari ba ya biyo ka, ya tafi kenan. Ni na yi wannan wautar a wani kafe kusa da Kwangila, lokacin awa ake saya, na ga abokina da shaho yana shawagi a saman kansa shi Hunter ni ina nan da ɗan bakana, raina ya biya, ina kai 40 na ruga. Sati biyu ina jin daɗin tsuntsu, daga baya na ga sikil ɗin da nake buƙata ba makin cika su, shi kuma da ya jira ya fi ni komai. Sauri ya haifi nawa. Daga 40 zuwa 50 akwai gajiya ba ƙarya, sandar nan mai nuna ci gaban lebul kamar ba ta motsi, to ka nemi fati ko ka nemi inda ajinka ke da riba, misali Acolyte in ya jefa wa gawarwakin da ke yawo a kogon Payon sikil ɗin Heal ciwo yake musu maimakon magani. Kuma kafin ka je canzawa ka kashe duk makin sikil da ke hannunka, in da saura ba za su karɓe ka ba.

Na biyar sake haihuwa ne, wannan sai ka kai base 99 da job 50. Ka ajiye kayanka a wajen Kafra, masu ajiyar kaya a gem ɗin, ka ɗauki zeny 1,285,000, kuɗin gem kenan, ka tafi garin Juno, ka dawo High Novice lebul 1 kamar ba ka taɓa yin komai ba. Amma fa hanyar da ka bi da farko ita za ka sake bi, Knight zai zama Lord Knight, Priest ya zama High Priest, ba canjin kwas a nan, sai dai yanzu job ɗinka har 70 yake kaiwa.

In kuma kai mutum ne mai saurin gundura to ba dole sai Ragnarok ba. A Albion Online babu kilas sam, kayan da ka saka su ne kai, kuma yana kan waya. A Final Fantasy XIV karakta ɗaya na iya yin duk sana'o'in, makami kawai za ka sauya, a lebul 30 Gladiator ya zama Paladin, Conjurer ya zama White Mage, za a ba ka wani ɗan dutse, dan Allah ka saka shi a jikinka, mutane da yawa suna mantawa su shiga kogo ba sikil ɗin job ko ɗaya.

Shi dai ƙanen nawa ya goge mai sihirin nasa ya buɗe Archer, ɗazu ya turo min wai job 41 yake kuma hannunsa na ƙaiƙayi, na ce masa in ya kuskura ya je wajen masu shahon nan kafin 50 ba ni ba saya masa data.