Yadda Ake Kallon Tsuntsayen da ke Bin Kwarkwasa

Idan kwarkwasa ta fito farauta a kurmi, duk abin da ke ɓoye ƙarƙashin busasshen ganye sai ya tashi a guje: kyankyaso, gyare, fara, gizo-gizo, kunama, har ƙananan ƙadangaru. Waɗannan masu gudun ne tsuntsaye ke jira. Ba kwarkwasar suke ci ba, abin da ta koro suke wawura, don haka mai son ganinsu bakin zugar zai nema.

A kurmin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu akwai dangin tsuntsaye mai iri fiye da 230, masana na kiransa Thamnophilidae, littattafan tsuntsaye kuma antbird. Kaɗan ne daga cikinsu suka dogara kacokan a kan kwarkwasa, kamar Pithys albifrons mai farin tukku a fuska. Kwarkwasar da suka fi bi ita ce Eciton burchellii. Tamu ta Afirka sunanta Dorylus, mabiyanta kuma wasu dangin ne dabam: alethe, Neocossyphus da Bleda.

Mazaunin Mai Wurno, Sinnar ko Gadarif a Sudan kada ya wahalar da kansa yana neman alethe a gonar dawa. Tsuntsun kurmi ne mai duhu da laima, sai irin dazukan tsaunukan Imatong a Sudan ta Kudu, ko Budongo a Uganda, ko Kakamega a Kenya. Amma ana koyon kallon tun daga gida. Balbela da ke bin shanu ko tarakta wannan sana'ar take yi, haka shirwa da shamuwa a bakin wutar daji. Ka saba lura da wanda ya tsaya a gaba, da wanda aka kora gefe.

In ka samu zuwa kurmi, ka shiga da hantsi tare da ɗan jagora na wurin. Ka sa takalmi sau-ciki, ka cusa ƙafar wando cikin safa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya isa, domin yana tara haske a inuwa, tsuntsayen kuma kusa suke.

Da kunne ake fara samunsu. Za ka ji ƙananan kuka daga ƙasa-ƙasa a wuri guda, da wata ƙara a ganye kamar yayyafi, motsin ƙwari ne masu tsalle. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya tarar da siririn layin kwarkwasa ya tsaya a kansa yana jira. Wannan hanya ce kawai tsakanin gida da wurin farauta, ba abin da take tayarwa. Ka duba waɗanda ke ɗauke da abinci: inda suka dosa gida ne, inda suka fito nan ne bakin zuga. Ka bi ta gefen layin har ya rabu rassa-rassa ya baje. A Amurka ta Tsakiya da ta Kudu faɗin bakin kan wuce mita 10, yana tafiya wajen mita 15 a awa guda, ba ya buƙatar gaggawa.

Ka tsaya a gefe, ɗan baya kaɗan, tazarar mita 5 zuwa 10. Wanda ya tsaya a gaba ya tare wa tsuntsaye wurin cinsu, za su watse, shi kuma zugar ta cim masa. Ka sa ido ƙasa da tsayin ƙugu. Tsuntsun kan maƙale a jikin siririn reshe a tsaye, ya faɗo ƙasa ya cafke ƙwaro ya koma kafin kwarkwasa ta hau ƙafarsa. Akwai tsari a wurin: babba ya riƙe tsakiya inda abinci ya fi yawa, matsakaita su kewaye shi, ƙanana su tsinci na gefe. Edwin Willis ya bayyana wannan a binciken da ya yi a tsibirin Barro Colorado na Panama a shekarun 1960. Wannan tsarin ne abin da ya fi cancanta ka rubuta, fiye da jerin sunaye.

Ƙasa ma ka riƙa dubawa, ko da minti biyu-biyu ne. Ma'aikatan Dorylus makafi ne, ƙanshi suke bi, kuma reshen zugar kan ɓalle ya zagayo ta bayanka. In sun hau ka, ka matsa nesa tukuna sannan ka cire su ɗaya-ɗaya. Manyan masu babban kai ba sa sakin fata, sau da yawa jikin ya tsinke kan ya rage. Kada ka fesa maganin ƙwari, zugar za ta watse, abin da ka zo gani ya ƙare.

In ka dawo washegari ba ka tarar da kome ba, akwai dalili. Ruwan sama mai ƙarfi kan tsayar da farauta. Eciton kuma tana yawo kimanin kwana 15, sannan ta zauna kimanin kwana 20 sarauniya na saka ƙwai, a lokacin ba kullum take fita ba. Saboda haka tsuntsun da ya dogara da ita dole ya san gidajen kwarkwasa da dama, yana leƙa su da sassafe. Wannan ne ya sa idan aka sare kurmi ya rage guntu-guntu, kamar yadda aka gani kusa da Manaus a Brazil, suna cikin waɗanda ke fara ɓacewa. Ka zaɓi daji mai faɗi wanda ba a yanka shi da gonaki ba, ka kuma ware masa kwana uku ko huɗu.