Kurakuran da ake tafkawa kan durƙushewar kamfanonin motocin Amurka

Kusan shekara 20 ke nan ina sayo motocin gwanjo daga Amurka, kuma duk yaron da aka kawo mini ya koyi harkar, da magana ɗaya yake zuwa a bakinsa: "Ai motar Amurka ta mutu, Japan ta kashe ta." Na gaji da gyara wannan magana ɗaya bayan ɗaya a bakin gareji, shi ya sa na zauna na rubuta. Wasu kurakuran na baki ne kawai, iyakarsu a yi maka dariya a majalisa. Biyu daga ciki kuwa ni kaina na faɗa musu, ɗaya ya ci mini jari, ɗaya ya ci mini mutunci.

Na jarin shi ne yanke wa mota hukunci da tambarin da ke goshinta. A 2009 kamfanin General Motors ya shiga kotu ranar 1 ga Yuni ya ce bashi ya fi ƙarfinsa, wata ɗaya bayan Chrysler ya yi haka a ƙarshen Afrilu. Cikin gyaran da aka yi masa, ya yanke shawarar daina ƙera Pontiac da Saturn da Hummer. Labarin na iso mu, sai hankalina ya tashi, domin ina da Pontiac Vibe guda 3 a ajiye. Na ce da kaina kamfani ya rufe, gobe ba kayan gyara, wa zai saya? Na karyar da su, ko kuɗin kwastan da na jirgi ban gama mayarwa ba. Wanda ya kwashe su bakanike ne, kuma ya san abin da ban sani ba. Vibe tagwayen Toyota Matrix ce. Injinta mai lita 1.8 shi ne na Corolla, giyarta ta Toyota ce, an haɗa ta ne a masana'antar NUMMI da ke Fremont a jihar Kalifoniya, wadda General Motors da Toyota suka yi tarayya a kanta tun 1984. Duk bakaniken da ya iya Corolla ya iya ta. Yau ka leƙa titin Kano ko Kaduna ko Abuja ka ƙirga Vibe nawa za su wuce ka kafin shayinka ya huce.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Da na ga Vibe ta yi tashe, sai na juya na yi kuskuren ta ɗaya gefen: na ce ashe duk motar da kamfaninta ya rufe riba ce kwance, tunda tana arha a gwanjo. Na sayo Saturn Ion guda 2. Lafiyarsu ƙalau, laifin nawa ne da ban tambayi kasuwata ba. Fitilar ɗaya ta fashe a hanyar Kwatano, na karaɗe Ƙofar Ruwa ban samu ba, na aika Panteka a Kaduna ba a samu ba, sai da aka aiko daga can bayan watanni. Motar ta fi shekara tana shan rana a gabana.

Tun daga lokacin ba na taya mota sai na karanta lambar shasi. Idan ta fara da 1 ko 4 ko 5, a Amurka aka haɗa ta. 2 Kanada ce, 3 Meziko, J kuwa Japan. Daga nan in nemi sanin injin wa ke cikinta, sannan in kira masu kayan gyara biyu in tambaye su fitila, bamba da gilashin gaba. In dukansu suka yi shiru suna tunani, na haƙura da motar ko da kyauta ce. Wasu abokan sana'a suna ganin na cika tsoro, suna cewa yanzu komai ana iya odarsa. Su yi ta oda. Mai sayen mota a wurina ba zai jira wata 3 saboda madubi ba.

Kuskuren da ya ci mini mutunci kuwa shi ne ɗora wa ma'aikata laifi. Na daɗe ina faɗa da ƙarfin gwiwa cewa lalaci da yajin aiki da kwaɗayin ƙungiyar ƙwadago ne suka rusa Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka. Wata rana a wurin gwanjo na faɗi haka a gaban wani dattijo Ba'amurke da ke tuƙo mana motoci zuwa bakin fita. Ya yi shekaru yana ɗaura ƙofofi a wata masana'anta kafin a rufe ta, ga shi da furfura yana aikin awa-awa. Bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni ya tambaye ni ko shi ne yake zana motar, ko shi ne yake zaɓar wadda za a ƙera. Ban sami amsa ba, kuma har yau in na tuna sai na ji nauyi.

Ku da kuke maimaita wannan magana, ku je ku karanta tarihin masana'antar nan da ta haɗa Vibe. Kafin 1982 ta General Motors ce ita kaɗai, kuma ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci masu aibi, har aka rufe ta. Da Toyota ta shigo a 1984, yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne, ƙungiyarsu ta ƙwadago, UAW, tana nan. An tura wasunsu Japan horo, aka ba kowane ma'aikaci ikon jan igiya ya tsayar da layi in ya ga matsala, maimakon a tura mota da aibinta a ce a gyara a ƙarshe. Cikin ɗan lokaci ingancin motocinsu ya kusa kamo na Japan. Mutanen su ne dai, ginin shi ne dai. Tsarin shugabanci ne ya sauya. To ina lalacin ya tafi? Haba jama'a! Mutum bai taɓa tsayuwar awa 8 a bakin layi ba, amma ya fi kowa iya zagin wanda ya yi shekara 30 a kai.

Ba na ce ƙungiyar ba ta da nata kason ba. Yarjejeniyar da shugaban UAW Walter Reuther ya ƙulla da General Motors a 1950 ta ɗora wa kamfani fansho da kuɗin asibiti, kuma lokacin da kamfanin ke sayar da kusan rabin motocin ƙasar a farkon shekarun 1960, ba wanda ya ji nauyin. Da kasuwa ta tsuke, masu ritaya suka fi masu aiki yawa. Wajen 2005 kamfanin yana kashe sama da dala biliyan 5 a shekara kan lafiyar mutum fiye da miliyan 1. Akwai kuma tsarin da aka shigo da shi a 1984 na biyan wanda aka dakatar kusan cikakken albashi, wanda bai ƙare ba sai 2009. Amma kowace yarjejeniya hannu biyu ne suka sa mata, kuma shugabannin da suka sa nasu sun zaɓi alkawarin gobe ne don kada su biya yau. Dabarata yanzu ita ce, duk wanda ya ce mini "ƙungiya ce", sai in tambaye shi wa ya yanke shawarar ci gaba da ƙera manyan motoci masu zuƙar mai bayan takunkumin man Larabawa na 1973, har ƙarancin mai na 1979 ya sake riskar su.

Sai masu fara labarin daga guguwar tattalin arziki ta 2008, kamar a shekarar aka fara rufe masana'antu. Packard ta bar katafariyar masana'antarta ta Detroit tun shekarun 1950. Studebaker ta rufe ta South Bend a Disamban 1963, lokacin motar Japan ba ta zama abin tsoro ba. Dodge Main, masana'antar Chrysler da ke Hamtramck, ta tafi a 1980, shekarar da Shugaba Carter ya sa hannu gwamnati ta tsaya wa Chrysler lamunin dala biliyan 1.5. A Nuwamban 1986 shugaban General Motors Roger Smith ya sanar da rufe masana'antu 11 na kamfanin. Garin Flint, inda kamfanin ya taɓa ɗaukar mutum kusan 80,000 a ƙarshen shekarun 1970, ya rasa masana'antar Buick City a 1999. Abin da ya faru a 2008 bango ne da ya daɗe da tsagewa ruwa ya zo ya ƙarasa.

Haka masu ɗora komai kan NAFTA, yarjejeniyar cinikin Amurka da Kanada da Meziko. Ta kwashe ayyuka, gaskiya ne, amma a 1994 ta fara aiki. Dubi shekarun da na jero a sama.

Akwai wanda ya fi waɗannan yaɗuwa, wato haɗa abu uku a kira su da suna ɗaya: birnin Detroit, manyan kamfanoni uku (General Motors, Ford da Chrysler), da ƙera mota a ƙasar Amurka. Birnin ya sha wuya ƙwarai. Mutanensa sun kai miliyan 1.8 a 1950, a ƙidayar 2020 ba su kai 640,000 ba, kuma a Yulin 2013 hukumar birnin kanta ta shiga kotu da bashin kusan dala biliyan 18. Sai dai tun shekarun 1950 kamfanonin suke fitar da masana'antu zuwa bayan gari inda fili ke da yawa, fararen fata masu hali suka bi su, tarzomar 1967 ta ƙara wa gudun sauri, haraji ya tafi da su. Ƙera mota kuwa ƙaura ta yi. Da aka matsa wa Japan a 1981 ta taƙaita motocin da take turowa zuwa miliyan 1.68 a shekara, sai kamfanoninta suka zo suka kafa a cikin gida: Honda a Marysville ta Ohayo a 1982, Nissan a Smyrna ta Tennessee a 1983, Toyota a Georgetown ta Kentucky a 1988. BMW da Mercedes da Hyundai da Kia da Volkswagen suka biyo, galibinsu a jihohin kudu inda ƙungiyar ƙwadago ba ta da ƙarfi. Har yanzu Amurka na haɗa mota wajen miliyan 10 a shekara, Sin kaɗai ke gabanta. Camry ɗin da kake kira 'yar Japan, duba lambar shasinta, sau da yawa da 4 ta fara. Abin da ya zube shi ne aikin da mai takardar sakandare zai riƙe iyali da shi har ya yi ritaya: 'yan UAW sun kai miliyan 1.5 a 1979, yau ba su kai kashi ɗaya cikin uku na haka ba, kuma injuna sun karɓe ayyuka da yawa ko a masana'antun da ba a rufe ba. Wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙun Kaduna ke busa jiniya, ya kuma san ta yanzu, ba sai an yi masa dogon bayani kan Flint ba.

Ƙananan kurakurai kuma ga su a gurguje. Ford bai shiga kotun bashi ba. A 2006 shugabansa Alan Mulally ya jinginar da kusan komai, har da shuɗin tambarin kamfanin, ya ciyo sama da dala biliyan 23 tun kafin guguwar 2008. Ba Obama ne ya fara tallafin gwamnati ga kamfanonin motoci ba, Bush ne ya fara da dala biliyan 17.4 a Disamban 2008, Obama ya ɗora har jimillar ta kai wajen biliyan 80. Oldsmobile tun 2004 ta tafi, Plymouth tun 2001, kada a lissafa su cikin na 2009. Chrysler kuma ya bi hannun Fiat, tun 2021 yana ƙarƙashin Stellantis. Ita NUMMI an rufe ta a Afrilun 2010, Tesla ya saye ginin a shekarar.

Wanda nake gani sababbin yara na shirin faɗawa yanzu shi ne ɗaukar cewa rufe-rufen ya wuce. Kamfanonin nan sun ja da baya ne zuwa inda riba take, wato jif da a-kori-kura, inda harajin kashi 25 cikin 100 da aka sa wa a-kori-kurar waje tun 1964 yake kare su. A 2018 Ford ya sanar zai daina sayar da ƙananan motoci a Amurka ban da Mustang. A Maris ɗin 2019 General Motors ya dakatar da masana'antar Lordstown da ke haɗa Chevrolet Cruze. Ma'ana Cruze da Focus da Fusion da ke cika gwanjo da arha yau ba a ƙera wa kasuwar Amurka sababbinsu, kuma yaro zai ga farashin ya ruɗe yadda na ruɗe da Saturn. Ban hana kowa saye ba, ni ma akwai Fusion guda a garejina. Amma ban biya kuɗinta ba sai da na sa aka cusa fitilu biyu na gaba, madubin gefe da bamba a cikin but ɗinta, suka hau jirgi tare.