Yadda za ka ci gaba da morar tsohuwar laftof ɗinka bayan an yaye Windows 10

Ɗan yayata ne ya zo min gida nan Unguwar Rimi da laftof a jaka, fuska duk a murtuke, wai Kawu sistam ɗina ta mutu. Na ce ta ƙi kunnuwa ne? ya ce a'a tana kunnuwa lafiya lau, wani saƙo ne kullum yake fito masa wai an daina tallafa wa Windows 10, ya kai wa wani injiniya a cikin gari shi kuma ya ce masa ai ta gama yayi, ya kawo ciko a ba shi wata. HP EliteBook 840 G3 ce fa, gwanjo ce amma ko kwarzane babu a jikinta, yaro yana tsakiyar rubuta furojet. Na ce ajiye ta nan ka je ka ci abinci.

Abin da ya faru shi ne Microsoft ta daina aiko wa Windows 10 sabuntawar tsaro kyauta daga 14 ga Oktoban 2025, shekara goma da ɗoriya bayan fitowarta a 2015. Ba wai kwamfutar za ta mutu ba ne, za ta ci gaba da aiki yadda ta saba, sai dai duk wata ɓaraka da aka gano daga baya ba mai zuwa ya toshe maka ita, kamar gida ne da maigadi ya ajiye aiki amma ƙofa tana nan. Wanda ya tuna bairos ɗin WannaCry a watan Mayun 2017, lokacin da ya kulle kwamfutocin asibitocin Ingila, ya san cewa kwamfutocin da ba a sabunta ba su ne suka fi shan wuya. To ni dai ra'ayina, mafi yawan laftof ɗin da ke hannun mutane a garin nan ba sabuwa suke buƙata ba, gyaran zama suke buƙata.

Fara da sanin abin da ke hannunka, don mutane da yawa sun san dai "core i5" aka ce musu a shago shikenan. Danna Ctrl da Shift da Esc lokaci ɗaya, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. A nan za ka ga cikakken sunan furosesa, da yawan ram, da kuma ko sabon faifai mai sauri wato SSD ne a ciki ko tsohon faifai mai juyawa wato HDD. Lambar da ke bayan i5 ko i7 ɗin ita ce maganar gaba ɗaya. In ka ga i5-6300U zuriya ta shida ce, i5-7200U ta bakwai, i5-8250U ta takwas. Windows 11 daga ta takwas take farawa a Intel, a AMD kuma daga Ryzen 2000, sannan tana son ram 4GB, wurin ajiya 64GB, Secure Boot, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Shi ya sa i7 na zuriya ta shida ba zai shiga ba amma i3 na ta takwas zai shiga, abin da ke ba mutane haushi kenan kuma ni ma ina ganin ba a kyauta ba, don injin da ke aiki garau an mayar da shi saniyar ware. TPM ɗin kuma ka danna madannin Windows da R ka rubuta tpm.msc, zai nuna maka ko 2.0 ne ko 1.2. Wani lokaci yana nan a kashe ne kawai cikin BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a Intel sunansa PTT a AMD kuma fTPM, kunna shi kawai za ka yi.

In taka ta cika sharuɗɗan nan to ba ka da matsala, je Windows Update ka hau 11 kyauta, ka wuce wurin.

Sauran mu da aka bari a tasha, hanya uku ce. Ta farko ka zauna a Windows 10 ka shiga shirin ESU, wanda ke ba da sabuntawar tsaro har 13 ga Oktoban 2026, ko da dala 30 ko kyauta in ka shiga da asusun Microsoft ka yarda a ajiye saitinka a wurinsu, amma sai kana kan Windows 10 samfurin 22H2, ka rubuta winver a wancan akwatin na Windows da R za ka gani. Wannan jinkiri ne kawai. Ta biyu a yi wa Windows 11 dabara ta shiga da ƙarfi, manhajar Rufus, wadda ake haɗa filash ɗin ɗora Windows da ita, tana da wurin da ake cire sharaɗin TPM, kuma shi ne abin da yawancin masu gyara ke yi maka su karɓi kuɗinsu. Tana aiki, ban ce ba ta aiki ba, amma Microsoft da bakinta ta ce ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin waɗannan ba, sannan in ram ɗinka 4GB ne da HDD wallahi za ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama shiryawa ba. Ta uku ita ce wadda na yi wa yaron nan, Linux Mint, wani tsari ne da ake ɗora wa kwamfuta a madadin Windows.

Amma tsaya tukuna, kafin wani ya je ya goge Windows ya dawo yana zagina. In abincinka a CorelDRAW yake, ko Photoshop ko AutoCAD, irin masu zanen katin biki da kalanda da banar siyasa, Linux ba taka ba ce, waɗannan manhajojin ba su da na Linux. Akwai Inkscape da GIMP a madadinsu, suna da kyau, sai dai ranar da kwastoma ya tsaya a kanka yana jiran aiki ba ranar koyon sabon abu ba ce. Kai ka zauna a Windows, ka rage shiga intanet da wannan injin, ka fara tarin kuɗin mai zuriya ta takwas. Wanda kuwa aikinsa rubutu ne, imel, Zoom, kallon karatu a YouTube, cike fom, WhatsApp a burauza, wato kusan duk ɗalibi da malamin makaranta da ma'aikacin ofis, Mint ta ishe shi har da saura.

Kuma ko wace hanya ka zaɓa, in HDD ne a ciki canza shi zuwa SSD tun farko, ko mai 256GB ne. Duk kuɗin da za ka kashe wa tsohuwar laftof babu wanda ya kai wannan amfani, sai ƙarin ram zuwa 8GB ya biyo baya. Tsohon faifan kuma kar ka bar wa mai gyara, sayi ɗan gidansa na USB ka mayar da shi ma'ajiya.

Ga yadda ake ɗorawa. Kwashe komai naka tukuna, furojet, hotunan biki, takardun makaranta, ka sa a wani faifai daban ba a cikin laftof ɗin ba, sannan ka buɗe su a can ka tabbatar sun kwafu da gaske. Kalmomin sirri da Chrome ya riƙe maka ma ka tabbatar ka san su ko suna cikin asusunka na Google, don akwai wanda bai san fasuwod ɗin imel ɗinsa ba tun ranar da aka buɗe masa. Sai ka je shafin Linux Mint na asali ka sauke fayil ɗin ɗora ta, wanda ake kira ISO, kusan 3GB ne, don haka datar dare ta fi, ko ka roƙi wanda ke da wayfay a ofis. Kala uku ne, Cinnamon da MATE da Xfce. Mai ram 8GB ya ɗauki Cinnamon, ita ta fi kama da Windows, mai 4GB ko ƙasa ya ɗauki Xfce, ba ta da kwalliya sosai amma ba ta da nauyi. Jerin Mint 22 ana tallafa masa har 2029.

Nemo filash mai 8GB wanda babu komai a ciki don za a goge shi tas, buɗe Rufus, zaɓi filash ɗin, zaɓi ISO, danna Start. In ya gama ka kashe laftof, ka kunna kana ta danna madannin zaɓen inda za ta tashi, a HP F9 ne, a Dell da Lenovo F12, sai ka zaɓi filash. Abin da nake so da Mint shi ne za ta buɗe gaba ɗaya daga kan filash ɗin ba tare da ta taɓa Windows ɗinka ba, kamar gwajin takalmi a kasuwa. To a nan kar ka yi gaggawa. Haɗa wayfay ko hotsufot na wayarka ka gani, kunna bidiyo ka ji sauti, gwada kyamara, gwada hasken allo, in kana da firinta jona ta. Duk abin da ya ƙi aiki a nan ka nemi maganinsa kafin ka ci gaba, in bai yi maka ba ka zare filash ka koma inda kake, ba ka yi asarar komai ba sai data.

In komai ya yi, danna Install Linux Mint da ke kan allo. Za ta tambaye ka harshe da kibod, ka sa alama a wurin multimedia codecs don bidiyo su riƙa buɗewa, wurin lokaci ka zaɓi Lagos. Sai babbar tambaya, ko a ajiye ta gefe ɗaya da Windows ka riƙa zaɓa duk lokacin da ka kunna, ko a goge faifan duka. Mai faifai ƙarami ya goge kawai, zama biyu a 128GB takura ce. Mai shakka ya ajiye biyun, amma in BitLocker, wato makullin faifai na Windows, a kunne yake ka kashe shi tukuna. Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka fara wannan aikin da batirin gwanjo mai minti ashirin kana dogaro da wutar gari, ni an taɓa ɗauke min wuta ana tsakiyar raba faifai, ranar sai da na sake komai daga farko. Cika caji, ko ka bari sai an tada janareto.

Bayan ta tashi, buɗe Update Manager ka sabunta, leƙa Driver Manager ko akwai abin da ya rage, sannan ka saita Timeshift, shi ne ke ɗaukar hoton tsarin yadda in ka ɓata wani abu za ka koma jiya. LibreOffice yana ciki a madadin Word da Excel, sai dai ɗalibai ku ji wannan da kyau: Times New Roman ba ya zuwa da ita, kuma kun san sufabaiza ba ya jin wani bayani in ba shi ya gani ba. A Software Manager ka nemi ttf-mscorefonts-installer ka ɗora. Ka riƙa ajiye aiki a docx in za ka tura wa wani, in kuma bugawa za ka kai biznes santa to mayar da shi PDF tun daga gida, shafuka ba za su watse ba. Wani daɗin kuma, bairos ɗin nan na filash da ke mayar da fayiloli shotkot, wanda ake kwasowa a wurin buga takardu, ba ya tashi a Linux, za ka gan shi zaune a filash ɗin kamar baƙon da bai san kowa ba ka goge abinka. A saitin kibod kuma akwai Hausa ta Najeriya, mai ƙ da ɗ da ɓ.

Saura burauza, wanda a gaskiya nan ne ram da data suke ƙonewa ko a Windows kake ko a Mint. Mutane suna ta musun Chrome ko Edge ko Opera ko Brave, alhali duk injin Chromium ne a cikinsu, Edge ma tun 2020 ya koma can, riga ce kawai ta bambanta. Firefox ne ke da injinsa daban, kuma shi nake ba mai tsohuwar kwamfuta shawara, dalili ɗaya: cikakken uBlock Origin, wato mai toshe talla, yana aiki a kansa, shi kuwa Chrome tun da ya koma tsarin Manifest V3 sai ƙaramin wato Lite. Tallan nan masu bidiyo da ke kunna kansu a shafukan labarai da na ƙwallo, datarka suke sha kuma su ke sa fanka ihu. Ban ce ka goge Chrome ba, akwai shi a Linux, ajiye shi saboda wasu shafukan cike fom da ba sa jituwa da kowa sai shi, ka kunna masa Memory Saver a cikin Performance. Kuma don Allah a daina danna Allow duk lokacin da shafi ya nemi turo sanarwa, yawancin "bairos" da ake kawo min wai yana fitowa a gefen allo wannan ne, a saitin Notifications ake share su ba sai an yi fomat ba. Masu Windows 7 kuwa har yanzu, Chrome ɗinku ya tsaya a 109 tun farkon 2023, kar ku shiga banki da shi.

Yaron nan dai SSD muka sa masa da Cinnamon, ram ɗinsa dama 8GB ne. Kwana biyu yana kirana yana tambaya ina kaza yake ina kaza ya koma, a na uku ya daina. Da ya dawo karɓar tsohon faifansa na tambaye shi ya sistam, ya ce Kawu lafiya lau, sai dai wai abokan ɗakinsa sun ce Windows ɗin nasa wani iri ne, ɗaya ma ya ba shi filash ya kawo min a sa masa irinta.