Yadda Ake Tantance Tsofaffin Kwandalolin Zinariya da Azurfa na Amurka da Sanin Darajarsu

Tsohuwar kwandalar Amurka takan shigo hannun mutumin Maraɗi ta hanyoyi dabam-dabam: wani a cikin kayan gado yake tarar da ita, wani alhaji ne ya sayo ta a shagon masu zinariya a Makka ko Dubai, wani kuma ɗan uwansa da ke zaune a Amurka ne ya aiko masa. Mafi yawansu sukan nufi wurin maƙerin farfaru, ya ɗora ta a ma'auni, ya faɗi kuɗin ƙarfen da ke cikinta. Maƙeri bai yi laifi ba, domin ƙarfe ne sana'arsa, amma kowace irin wannan kwandala farashi biyu gare ta. Akwai kuɗin azurfa ko zinariyar da aka buga ta da ita, akwai kuma abin da masu tara tsofaffin kuɗi za su biya saboda ƙarancinta da kyan halin da take ciki. A yawancin kwandaloli farashin biyu ba su da nisa da juna, amma a wasu ƴan kaɗan na biyun yakan ninka na farko sau ɗaruruwa, kuma da zarar an narke ta ko an goge ta, wannan ƙarin ya tafi ke nan.

Saboda haka matakin farko shi ne a bar kwandala yadda aka same ta. Kada a cuɗe ta da toka, ko lemun tsami, ko man goge haƙori, kada kuma a kai ta a wanke da ruwan da ake wanke sarƙa da ƴan kunne. Injin da ya buga ta ya bar mata wani sheƙi na asali a fuska, kuma gugar farko ce take kankare shi, ta bar ƙananan zane-zanen da masani yake ganewa nan take. Baƙi-baƙin da tsohuwar azurfa take yi ba aibi ba ne a wurin masu saye, wasu ma sun fi son sa. Huda kwandala domin a rataya a sarƙa, ko a yi mata walda a jikin zobe, yakan mayar da ita kuɗin ƙarfe kawai. Idan za a ɗauka, a riƙe ta ta gefe da yatsu biyu, a kan shimfiɗaɗɗen ƙyalle mai laushi.

Daga nan sai a san wace iri ce. A cikin na azurfa, wadda aka fi gani ita ce dalar Morgan, mai ɗauke da sunan George Morgan da ya zana ta, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904, aka kuma sake bugawa a 1921. A gabanta akwai kan mace, a bayanta mikiya ce mai buɗaɗɗun fukafukai. Nauyinta giram 26.73, faɗinta milimita 38.1, kuma kashi 90 cikin 100 azurfa ce, sauran jan ƙarfe, wato tana ɗauke da kimanin giram 24 na tsantsar azurfa. Wadda ta gaje ta, mai rubutun PEACE a ƙarƙashin mikiya, an buga ta daga 1921 zuwa 1928, sannan a 1934 da 1935, kuma nauyi da faɗinsu ɗaya ne. Ƙananan kuɗin nan na santi 10, da santi 25, da rabin dala, duk wanda shekararsa ta faɗa tsakanin 1874 da 1964 shi ma kashi 90 azurfa ne, nauyinsu giram 2.5, da 6.25, da 12.5. Daga 1965 aka cire azurfa daga na santi 10 da santi 25, rabin dala kuwa ta koma kashi 40 har zuwa 1970. Dubi gefen kwandalar: idan ka ga jan layi ya ratsa tsakiyarsa, ba ta azurfa ba ce.

Na zinariya kuwa babbarsu ita ce ta dala 20, wadda aka fara fitarwa a 1850 bayan gano zinariya a Kalifoniya. Nauyinta giram 33.44, faɗinta milimita 34, kashi 90 cikin 100 zinariya ce, wato giram 30.09 na tsantsa. Tana da zane biyu: na farko mai kan mace da kambi ya kai 1907, na biyu kuwa, aikin Augustus Saint-Gaudens, mai mace a tsaye riƙe da tocilan na wuta, ya ɗauka daga 1907 zuwa 1933. Ƙannenta su ne ta dala 10 mai giram 16.72, da ta dala 5 mai giram 8.36, da ta dala biyu da rabi mai giram 4.18. A 1933 gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta umarci jama'a su miƙa zinariyarsu, aka narke kwandaloli masu ɗimbin yawa, shi ya sa wasu shekarun suka yi ƙaranci duk da cewa an buga su da yawa tun farko.

Waɗannan alƙaluma su ne makamin mai saye, domin jabu ya yi yawa ƙwarai. Kayan aikin ba su da tsada: ƙaramin ma'aunin lantarki mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da abin awon faɗi irin na masu gyaran inji, da mayen ƙarfe mai ƙarfi, da gilashin ƙara girma. Azurfa da zinariya ba sa bin mayen ƙarfe, don haka duk wadda ta manne an gama magana. Sai dai rashin mannewa bai isa shaida ba, tun da tagulla da darma ma ba sa mannewa. Tsufa da yawan shiga hannu sukan rage wa dala ɗan nauyi kaɗan, amma wadda zanenta yake raɗau kuma ta gaza da giram guda ko fiye abar tuhuma ce. Azurfar gaske idan aka ɗora ta a kan yatsa aka ɗan taɓa gefenta da fensir takan yi ƙara mai tsawo, jabu kuwa ƙararsa gajeriya ce.

Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne na ruwa, domin yana fallasa abin da ke cikin kwandala ba tare da an ji mata ciwo ba. A ɗora kofin ruwa a kan ma'auni, a mayar da lambar sifili, a ɗaure kwandalar da siririn zare, a nutsar da ita gaba ɗaya ba tare da ta taɓa gindin kofi ko bangonsa ba, sannan a karanta lambar. Dalar azurfa ta gaske za ta nuna kusan giram 2.6, kwandalar zinariya ta dala 20 kuwa kusan giram 1.95. Idan aka raba nauyin kwandalar da wannan lamba, azurfar za ta ba da kusan 10.3, zinariyar kusan 17.2. Bayan gwaji a tsane ta da ƙyalle ta hanyar dannawa a hankali, ban da gogawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gwajin zarto da ruwan asid, ko goga gefe a kan dutsen gwaji, domin tabon da suke bari ba ya gyaruwa. A kuma sani cewa akwai jabun da aka buga da zinariya ta gaske, nauyinsa daidai, wanda sai ido da gilashi ne suke kama shi ta wurin haruffa masu kumburi da ƙananan ƙuraje a fuska.

Idan kwandala ta tsallake waɗannan, lissafin kuɗin ƙarfe abu ne mai sauƙi. Farashin duniya ana faɗar sa ne da dalar Amurka a kan oza ɗaya, wadda take giram 31.1. A duba farashin ranar a intanet, a raba shi da 31.1, a ninka da giram ɗin tsantsar ƙarfen da ke cikin kwandalar, sannan a juya zuwa sefa da canjin ranar. Wannan shi ne ƙasan farashi, kuma wanda ya san shi kafin ya bar gida ba za a taya masa kaya da wulaƙanci ba, ko da yake dole ne ya bar wa mai saye ribarsa.

Farashi na biyu ya rataya a kan shekara, da gidan da aka buga ta, da halin da take ciki. Kowane gidan buga kuɗi yana da harafinsa: S na San Faransisko, O na Niyu Oliyans, CC na Kason Siti da ke jihar Nebada, D a kan na ƙarni na 20 na Denba, Filadelfiya kuwa ba ta sa harafi a kan waɗannan tsofaffin ba. A dalar Morgan harafin yana baya, ƙarƙashin ganyen da ya kewaye mikiya, saman kalmar DOLLAR. Bambancin da wannan ɗan harafi yake kawowa babba ne. Filadelfiya ta buga Morgan fiye da miliyan 44 a 1921, don haka wadda ta sha hannu daga cikinsu ba ta wuce kuɗin azurfarta da yawa ba, alhali San Faransisko guda 100,000 kacal ta buga a 1893, Kason Siti kuma 350,000 a 1889, kuma ko tsohuwar da ta goge daga cikin waɗannan biyu tana da tsada. Tsufa shi kaɗai ba daraja ba ne. Mutanen ƙasarmu sun san kwandalar Mariya Tereza da kakanninmu suka yi ciniki da ado da ita, wadda take ɗauke da shekarar 1780 alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zamaninmu.

Halin kwandala ana auna shi da ma'aunin William Sheldon na 1949, daga 1 zuwa 70, inda 60 zuwa sama ke nufin ba ta taɓa shiga ciniki ba. A Morgan ana fara duba gashin da ke saman kunnen matar da gashin ƙirjin mikiya, domin nan ne suke fara gogewa. Kamfanoni biyu, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, su ne manya a cikin waɗanda suke tantancewa su rufe kwandala a cikin roba mai lamba, kuma ana iya shigar da lambar a shafinsu a gwada hoton da abin da ke hannu, domin ita kanta robar ana yin jabunta. Kuɗin tantancewa da na aikawa daga Nijar suna da nauyi, don haka ba a yin wannan sai ga wadda shekararta da harafinta suka nuna tana cikin ƙalilan.

Labarin manyan farashi shi ne tarkon da ake kama mutane da shi. Gaskiya ne an sayar da kwandalar dala 20 ta 1933 a kan dala miliyan 18.9 a 2021, kuma dalar azurfa mai shekarar 1804 guda 16 kawai aka sani a duniya. Wannan ne dalilin da ya sa duk wanda ya turo maka hoton irinsu ta WhatsApp ko Facebook, yana cewa matsuwa ce ta sa zai karyar, jabu yake tallatawa. Wata dabarar kuma ita ce a manna harafin S ko CC a kan kwandalar Filadelfiya ta gaske, don haka a duba kewayen harafin da gilashi ko akwai alamar liƙi ko canjin launi.

Mai son fara tarawa ya zaɓi iri ɗaya, misali dalar Morgan ta shekarun da suke da yawa, ya saba da nauyinta da ƙararta da zanenta kafin ya kai hannu ga zinariya. Kowace kwandala a sa ta ita kaɗai a ƙaramin gidan roba mai tauri ko ambulan na takarda, ban da leda mai laushi, wadda zafin bazara yake sa ta fitar da wani kore-kore mai cin ƙarfe. A nisanta su da laimar damina da ƙurar hunturu, a kuma riƙe littafin da ake rubuta shekara, da harafi, da nauyi, da kuɗin da aka saya, tare da hoton gaba da baya, domin magada su san abin da aka bar musu. Cinikin zinariya da azurfa a shari'a hannu da hannu ake yin sa, ba a bashi. Game da zakka kuwa, nisabin zinariya kimanin giram 85 ne, na azurfa kimanin giram 595, wanda ke nufin kwandala uku ta dala 20, ko dalar azurfa 25, sun isa nisabi, kuma idan shekara ta zagayo a kansu za a fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari.